Shaƙuwa Arba'in da Uku

Har yau idan mutane suka gane muryata, a kanti ko a jirgin ƙasa, magana ɗaya suke yi mini. Ba sa tambayata ranar da Isamaru ya haye gadar wuta, ba sa tambayata ranar da ya iske kabarin ubansa, wadda na yi kuka a gaban makirufo har da majina. Ina! Sai ka ga ƙato da furfurarsa, da jakar ofis a hannu, ya washe baki ya ce, "Kuramochi-san, kashin nan na shaƙuwa! Na yi dariya har uwata ta kore ni waje." Ni kuma in sunkuyar da kai in yi godiya, don haka aka koya mini. Amma ni ban taɓa kallon wannan kashi ba ko sau ɗaya, kuma ba ni da niyyar kallonsa.

Sunana Kuramochi Sumie. Shekara biyu na yi ina muryar Isamaru a katun ɗin da ake nunawa duk Lahadi da yamma, yaro ɗan saƙo da ke ratsa duniya a kan kunkurun ƙarfe don ya kai wasiƙa guda ɗaya tak. A lokacin shekarata arba'in da bakwai, ga ciwon gwiwa, ga baki. Bakin nan ya raba ni da miji ɗaya da daraktoci biyu, ban kuma yi nadamar ko ɗaya ba.

Abokin tafiyar Isamaru shi ne Mokubei, kuku mai tumbi, matsoraci, ɓarawon abinci. Yara sun fi son sa a kan jarumin, ina sane, kuma abin yana ɗan ci mini rai. Mai yin muryarsa Hatano Ryohei ne, dattijo ɗan shekara sittin da shida, siriri kamar sandar tsintsiya, kullum cikin kwat da laktaye ko da zafi na kashe mutane. Ba ya wasa, ba ya dariya, gaisuwarsa ma a taƙaice take. Shekara arba'in ya yi a dandalin wasan kwaikwayo yana fitowa a baran da ke shigowa ya ce an yi baƙo, ya koma. Sai da ya tsufa aka ba shi Mokubei. Idan ya tsaya gaban makirufo ya buɗe baki, sai ka rantse wani mutum ne ya shiga jikinsa, wani ƙaton wawa da bai taɓa ƙoshi ba tun da aka haife shi.

Duk Alhamis da ƙarfe goma na safe muke haɗuwa a ɗakin ɗaukar murya da ke ƙarƙashin wani bene a unguwar Akasaka. Mu goma sha biyu, makirufo uku. Ana haska hoton a allo, kowa da takardar wasansa a hannun hagu. Idan maganarka ta matso ka tashi ka shiga, ka faɗa, ka zame ka ba na bayanka wuri, duk ba tare da an ji motsinka ba. Takalmi mai laushi, riga marar ƙara, ciki kuma ba a barinsa da yunwa don makirufo na jin kukansa. Ba a tsayawa. In mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a minti na tara, dukanmu za mu koma farko, shi kuma ya juyo ya sunkuya wa mutum goma sha ɗaya ya ba da haƙuri. Babu abin da muke tsoro kamar wannan sunkuyon.

Da bazarar shekara ta biyu na gane. Muna shafi na ashirin, na saci kallon takardarsa don in ga inda zan shiga, sai na ga yana shafi na goma sha biyu. Amma maganar da ke fita daga bakinsa daidai take, ko harafi bai kauce ba. Na zuba masa ido har aka tashi. Yana juya shafi idan ya ji mun juya, shi ke nan.

Na tare shi a shagon taliya da ke bakin tasha, na zauna kusa da shi ba tare da ya gayyace ni ba.

"Hatano-san, yatsa nawa na ɗaga?"

"Sumi-chan, ina cin abinci."

"Na ce nawa?"

Ya ajiye tsinken cin abincinsa a hankali, ya daidaita su.

"Ciwon suga ne," ya ce. "Idon dama ya tafi tun bara. Na hagu yana ganin launi, in launin na da yawa. Ina ganin tumbin Mokubei in yana motsi. Bakinsa ne ba na gani."

Matarsa Fusako ce ke karanta masa takardar a gida, tun daga Litinin da aka kawo ta har Laraba, sai ya haddace nasa da na kowa. Abin da ya rage masa shi ne sanin daidai lokacin da bakin zanen zai buɗe, kuma yana cankar wannan ne daga numfashinmu.

"Kai wane irin mutum ne?" na ce. "Wata nawa kana wannan wahala kai kaɗai? Bakinka ciwo yake yi da ba za ka faɗa ba?"

"In darakta Okabe-san ya sani, dole ya faɗa wa gidan talabijin. Su kuma ba za su ajiye makaho a ɗakin da aikinsa kallon allo ne ba." Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ɗan kauce kaɗan da inda nake. "Kashi ɗari da huɗu za a yi. A na ƙarshe za su kai wasiƙar. Ban taɓa kaiwa ƙarshen wani wasa ba, Sumi-chan, kullum kafin a rufe labule na riga na cire kaya na tafi gida. Ina so in ga an kai wasiƙar nan. Ki yi mini alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba."

Na yi masa alkawari. Na kuma ce masa daga yau makirufo na tsakiya namu ne mu biyu, zan riƙa tsayawa a damarsa, in bakin Mokubei zai buɗe zan taɓa shi da yatsa a baya, ƙasan kafaɗa, inda darakta da mutanensa da ke bayan gilashi ba za su gani ba. Ya ce ba ya so. Na ce ban tambaye shi ba. Haka muka yi wata bakwai, babu wanda ya ce uffan.

Sai kashi na tamanin da bakwai ya zo, a watan Nuwamba.

Masu rubutu sun ga an yi makonni ana kashe-kashe da koke-koke, suka ce a ba yara hutu. Labarin ba shi da kai ba shi da gindi. Mokubei ya saci dunƙulen shinkafar da aka ajiye wa gunkin bakin hanya, ya haɗiye a tsaye, sai shaƙuwa ta kama shi. Kuma dole su biyun su ratsa wani kogo da 'yan fashi goma ke barci a ciki. Isamaru ya toshe masa baki, ya juya shi kai ƙasa, ya ɗura masa ruwa, ya tsorata shi, duk a banza. Na ƙirga a takarda, shaƙuwa arba'in da uku cikin minti goma sha ɗaya.

Magana ana haddace ta. Shaƙuwa kuwa ba ta da gaba ba ta da baya, tana faɗowa ne a tsakiyar maganar wani, daidai lokacin da tumbin zanen ya yi tsalle. In ka makara da ƙiftawar ido, dariyar ta mutu.

Duk da haka na shiga da ƙwarin gwiwa, don na san yana ganin tumbin. Muna zama Okabe-san, daraktan murya, ya yi magana ta lasifika daga bayan gilashi.

"A yi haƙuri, masu zane sun makara. Yau babu launi."

Idan masu zane suka makara, abin da ake haska mana farin allo ne da zanen fensir siriri, wani wurin ma babu zanen sam. Sai a ja layi mai launi a kan fim ɗin don kowa ya san lokacinsa: in ja ya bayyana ni ce, in shuɗi Mokubei. Layin bai fi zare kauri ba. Na kalli Hatano-san. Yana zaune a kujerarsa ta tsakiya, ta manya, gwiwa a haɗe, takarda a kan cinya, yana fuskantar allon da a wurinsa farin bango ne kawai. Kuma kamar da gayya, ranar wani mutumin gidan talabijin ya zo kallon aiki, yana zaune bayan Okabe-san da kofin shayinsa.

Aka fara gwaji. Ɓangaren farko ya tafi lafiya. Da muka shiga kogo abin ya watse. Ni ce mai yawan magana a wurin, ido ɗaya a jan layi, ido ɗaya a takarda, hannun dama na juya shafi, sannan in nemi shuɗin layi in taɓa shi. Ido nawa gare ni? Hannu nawa? Ga 'yan fashi goma suna shiga suna fita da minsharinsu da sambatunsu, ana ture ni hagu da dama. A wata shaƙuwar na taɓa shi a makare, wata na taɓa shi babu dalili ya yi shaƙuwa a kan farin allo, wasu suka wuce ban ma gan su ba. Cikin arba'in da uku, da ƙyar goma sha biyar suka faɗa a wurinsu.

"Hatano-san," in ji lasifika, cikin ladabi, "kamar an ɗan makara a wasu wurare."

Ya juyo, ya sunkuya mana. "Ku gafarce ni."

Gwaji na biyu ya fi na farko lalacewa, har na yi tuntuɓe a tawa maganar. Ya sake juyowa ya sunkuya, alhali laifin nawa ne. Ta gilashi na ga mutumin gidan talabijin ya karkato yana yi wa Okabe-san raɗa, yana nuna dattijon da haɓa. Na ji kamar in fasa gilashin in ɗura masa shayinsa ta hanci.

"Hutun minti goma," in ji Okabe-san. "Daga nan sai ɗauka."

Hatano-san ya miƙe ya fita zuwa bayi, yana shafa bango da yatsa biyu kamar mai duba ƙura. Ƙofa na rufuwa na juya wa gilashi baya. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ba. Abin da na gani kawai shi ne za a cire shi yau, a gabana, saura mako goma sha bakwai.

"Ku matso," na ce da ƙaramar murya. "Ku yi kamar muna duba takarda. Hatano-san ba ya gani. Ba ya ganin layin, ba ya ganin takardar, wata bakwai ni ke taɓa shi. Yau na kasa ni kaɗai."

Wanda na fi tsoro shi ne Terauchi Kohei, mai muryar shugaban 'yan fashi da duk wani mugu da aka taɓa zanawa a shirin. Shi da Hatano-san ƙungiyar wasa ɗaya suka taso, ta rabe biyu shekara ashirin da suka wuce, tun ranar ba su sake gaisawa ba. Ɗaki ɗaya, makirufo ɗaya wani lokacin, amma in ɗaya zai miƙa wa ɗaya magana sai ta bi ta kaina. Kowa kuma ya san in an cire Hatano-san, Terauchi ne zai gaji Mokubei, don ya iya muryar.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wata bakwai?"

"Eh. In za ka je ka faɗa, ga ƙofa nan."

"Ke dai bakinki ba ya hutawa." Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya buɗe takardarsa. "Shafi na talatin zuwa talatin da biyu minshari kawai nake yi, idona a sake yake. Guda tara ne a wurin, nawa ne. Ba don shi ba, ina da wani aiki da ƙarfe biyu." Ya juya ga sauran. "Me kuke kallo? Wa ke da sarari a talatin da uku?"

Cikin minti biyar aka raba su kaf. Mutum bakwai, kowa ya zagaye nasa da fensir, kowa ya san inda zai tsaya a bayan makirufo na tsakiya. Na nuna musu wurin taɓawa, ƙasan kafaɗa, da yatsa ɗaya. Ni aka bar mini takwas. Zan faɗi gaskiya, a lokacin ji na yi kamar na ceci rai. Har wani daɗi nake ji a ƙirjina, ina cewa a raina, Sumie, yau bakinki ya yi rana.

Ya dawo ya zauna. Na raɗa masa, "Kada ka damu, na gano yadda zan yi." Ya gyaɗa kai.

Jar fitilar ɗauka ta kama.

Biyun farko nawa ne, suka faɗa daram. Ta uku ta Terauchi ce. Na gan shi ya zamo ta baya, yana minshari cikin makirufo na hagu, ya miƙo dogon hannunsa ya dangwali bayan kwat ɗin. Hatano-san ya sandare. Na ga wuyansa ya miƙe, na ga takardar ta motsa a hannunsa. Yatsan Terauchi ba irin nawa ba ne, kuma daga hagu ya zo. Amma shaƙuwar ta fita, a kan lokaci, wata 'yar siririya mai ban tausayi kamar ta ɗan kyanwa.

Daga nan ban san abin da ya shige shi ba. A gwaji shaƙuwa iri ɗaya yake yi. Yanzu kuwa babu biyu da suka yi kama. Wata ya haɗiye ta ta fito ta hanci. Wata ta zo a tsakiyar roƙon da Mokubei ke yi wa gunki, ta raba kalmar biyu. Da Isamaru ya juya shi kai ƙasa, sai ya yi ta a juye, wallahi ban san yadda ake shaƙuwa a juye ba amma ya yi. Hannuwa na zuwa suna tafiya a bayansa, na maza, na mata, mai nauyi, mai rawa, shi kuwa ko gezau, yana tsaye ƙyam da laktayensa. Inda shugaban 'yan fashi ya farka ya ce, "Wane ne nan?" Mokubei ya amsa da muryar mage, shaƙuwa ta tona shi, mai muryar ɗan fashi na huɗu sai da ta cusa hannun rigarta a baki. Terauchi kansa kafaɗunsa rawa suke yi. Ta gilashi na hango mai kula da na'ura ya kifa kai a kan tebur, mutumin gidan talabijin yana share hawaye da hankici.

Ta arba'in da uku ta faɗa, allo ya yi duhu, fitila ta mutu.

"An samu," in ji Okabe-san, muryarsa na karyewa da dariya. "Ɗauka ɗaya! Hatano-san, wannan kam sai dai a ajiye wa jikoki. Sannunku da aiki."

Ɗakin ya fashe. Ana tafi, ana dariyar da aka danne minti goma sha ɗaya. Na juya zan kama hannunsa, sai na ga fuskarsa, dariyata ta koma ciki.

Ya rufe takardarsa. Ya jira har aka yi shiru, don idan babba ya tsaya haka dole a yi shiru. Sannan ya juyo gare mu ya sunkuya, ba irin na ba da haƙurin tuntuɓe ba, sunkuyo mai zurfi, ya daɗe a ƙasa har na fara jin kunya.

"Na gode muku," ya ce da ya ɗago. "Na ɗora muku nauyi, kun ɗauka." Ya juya wajen gilashi. "Okabe-san, ina neman afuwa. Idona ya mutu, na ɓoye maka. Yau mutum bakwai suka bar aikinsu suka yi nawa. Daga mako mai zuwa a ba Terauchi-kun Mokubei. Ya san muryar."

Shekara ashirin, ranar ce ya fara kiran sunan mutumin.

"Kai, dattijo, ba na so," in ji Terauchi. "Wa ya ce maka ina so? Riƙe kayanka."

Okabe-san ya fito daga bayan gilashi da gudu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a zauna a yi magana. Ya ce ai ga shi an yi, kuma ba a taɓa yin mai kyansa ba, za a iya ci gaba haka, shi zai san abin da zai faɗa wa na sama. Kowa ya sa baki, kowa na cewa ba nauyi ba ne. Hatano-san ya saurare su duka, yana gyaɗa kai ga kowane ɗaya. Da suka gama ya sake sunkuyawa, ya ɗauki hularsa, ya ce, "Zan riga ku fita," kamar kowace Alhamis.

Na bi shi ko jakata ban ɗauka ba. Na cim masa a matakala, yana hawa a hankali, hannu a kan ƙarfen riƙewa.

"Ni ce na faɗa musu."

"Na sani."

"To ka zage ni mana! Ka ce mini maƙaryaciya, ka ce bakina ya yi yawa, kowa ma yana faɗa. Amma ka koma ciki. Mako goma sha bakwai ne fa kawai. Kai da bakinka ka ce kana so ka ga an kai wasiƙar."

Ya tsaya a matakala ta ƙarshe, inda hasken rana ke shigowa. Ƙarfe ɗaya ta wuce, titi cike da ma'aikata masu neman abinci.

"Da yatsanki ne kaɗai," ya ce, "ina iya gaya wa kaina cewa ni ke yin aikin, abokiyata na ɗan taimaka mini. Ƙarya ce, amma ƙarama ce, ina iya ɗaukarta. Yau ina tsaye ina ƙirga hannuwa. Kowane ɗaya ya cire idonsa daga layinsa ya sa a nawa. In na dawo, haka za a yi duk mako, kuma babu wanda zai taɓa ce mini ya gaji. In na makara ba za a sake ce mini na makara ba. Za a ce ya yi kyau, Hatano-san, a koma gefe a gyara."

"To sai me? Mu muka ce muna so!"

"Na san kuna so. Shi ya sa."

"Girman kai ne kawai ke damunka, tsoho mai taurin kai."

"Wataƙila." Ya sa hularsa. "Da kin bar ni na faɗi yau, da an kore ni ina ɗan wasan da ya kasa. Wannan na san yadda ake ɗaukarsa, na sha ɗauka. Ba na jin haushinki, Sumi-chan. Kashin ya yi kyau, ko?"

Na kawar da kai.

"Na ji ya yi kyau," ya ce. "Terauchi ya makara a ta shida, ɗan banza. Ki gaya masa."

Na miƙa hannu zan kama gwiwar hannunsa don in tsallakar da shi titi. Ya janye, a hankali, ba da faɗa ba. Ya bi gefen gine-gine, yatsunsa biyu a jikin bango, yana tsayawa a bakin kowace kwana ya saurari motoci. Na bar tazarar taku goma na bi shi. Da wani mai keken kai abinci ya taho a guje na kusa yin ihu, na danne. Ya wuce shagon taliya, ya wuce mai sayar da jarida, ya kai bakin matakalar tasha, ya lalubi ƙarfen ya kama. Ina tsaye bayan wani turken fitila kamar ɓarauniya, da takalmina mai laushi na aiki wanda ko makirufo ba ya ji.

Bai juyo ba.

"Sumi-chan," ya ce, "gwiwarki tana ƙara. Ki koma, kin bar jakarki."

Na tsaya ina kallon hularsa tana sauka, matakala ɗaya bayan ɗaya, har mutane suka rufe ta. Sannan na juya na koma.